Sirrin Yana Kan Fata: Ilektirod da Shafen Ƙarfe a Masana'antu

Duk wanda ya bi hanyar Katsina zuwa Daura ya ratsa ta garin Mashi, in ya ɗaga kai ya dubi rufin gidaje da shaguna, zai ga kwano iri biyu. Akwai wanda yake ƙyalli har yana ɗaukar ido, akwai kuma wanda ya yi ja wur saboda tsatsa, wani ma ya fara hujewa. Ƙarfen da ke cikinsu iri ɗaya ne. Abin da ya raba su shi ne wani ɗan shafe da ke bisa fuskarsu, wanda kaurinsa bai kai na silin gashi ba. Ranar da shafen nan ya ƙare, ranar ce kwano ya kama hanyar lalacewa.

Haka abin yake ga batirin babur, da zoben da aka yi wa ruwan zinariya, da sinadarin kulorin da ake zubawa a ruwan sha don kashe ƙwayoyin cuta. Duk waɗannan 'ya'yan fanni ɗaya ne na kimiyya, wato fannin da ke nazarin abin da ke faruwa idan wutar lantarki ta gamu da sinadarai. A wannan fanni aikin duka yana gudana ne a kan fatar ƙarfe, daidai inda ƙarfe ya taɓa ruwa. Saboda haka mafi yawan ci gaban da aka samu cikin shekaru 60 da suka wuce ya zo ne daga koyon gyaran wannan fata: a sa ƙarfe mai ƙwari daga ciki ya ɗauki nauyi, sa'an nan a lulluɓe shi da wani ɗan abu kaɗan wanda zai yi ainihin aikin.

Mene ne ilektirod?

Masu walda sun san kalmar, domin haka suke kiran sandar da suke maƙalawa su yi liƙi da ita. Amma ma'anarta ta fi haka faɗi. Ilektirod shi ne duk wata sanda ko faranti da wutar lantarki ke bi ta shiga cikin ruwan sinadari ko narkakken abu, ko kuma ta fita daga cikinsa. Michael Faraday, masanin nan na Ingila, shi ya shigo da kalmar a 1834, ya haɗa ta daga kalmomin Girkanci biyu masu nufin hanyar lantarki. Kullum biyu suke aiki tare. Wanda sinadarai ke sakar wa ilektiron ana kiransa anod, wanda kuma ke miƙa wa sinadarai ilektiron ana kiransa katod. Su kuwa ilektiron, su ne 'yan mitsi-mitsin ƙwayoyin da gudunsu cikin waya shi ake kira wutar lantarki.

Yaron da ya taɓa fasa tsohon batirin tocila ya riga ya ga su da idonsa. Gwangwanin da ya zagaye batirin tutiya ce, ita ce anod, kuma ita ke cinyewa a hankali yayin da tocila ke haske. Shi ya sa tsohon batir kan huje ya zubo da ruwa. Baƙin garin da ke ciki shi ne katod, baƙar sandar gawayin da ke tsakiya kuma ita ke kai masa ilektiron. A nan sinadarai ne ke haifar da wuta, kamar yadda Alessandro Volta na Italiya ya fara nunawa a 1800. Ana kuma iya juya lamarin, a tura wuta daga waje a tilasta wa sinadarai su rabu ko su sauya kama. Ta haka Humphry Davy ya fid da ƙarfen sodiyam da fotasiyam a 1807. Masana'antun da za a yi magana a kansu a nan, galibinsu wannan hanya ta biyu suke bi.

Faraday ya gano wata doka da ba a iya kewaye ta. Yawan abin da zai samu a kan ilektirod ya dogara ne kacokan a kan yawan wutar da ta wuce. Amfiya ɗaya ta wuta, in ta yi awa ɗaya tana gudana, za ta ajiye kimanin giram 4 na azurfa, ko giram 1.19 na jan ƙarfe, ko ta fid da giram 1.32 na kulorin. Babu injiniyan da zai ƙara a kan wannan ma'auni. Abin da yake hannunsa shi ne bolt, wato ƙarfin turin da ake buƙata kafin wutar ta wuce. Kowane aiki yana da bolt ɗinsa na ƙa'ida wanda ba a sauka ƙasa da shi, amma a zahiri kullum sai an biya fiye da haka. A kwatanta ilektirod da ƙofar birni a zamanin da, inda fatake ke biyan kuɗin ƙofa kafin su shige da kayansu. Wata ƙofar kuɗinta kaɗan ne, wata kuwa tsada gare ta, ga cunkoso. Wannan rarar bolt da ake biya a bakin ƙofa ba ta haifar da kome sai zafi, kuma irin abin da aka shafa a fuskar ilektirod shi ke yanke yawanta.

Ƙarfen da ke fansar ɗan'uwansa

Tsatsa ma aikin lantarki ce, sai dai ba wanda ya gayyace ta. Ƙarafa sun bambanta wajen saurin sakin ilektiron. Tutiya ta fi baƙin ƙarfe saurin saki, baƙin ƙarfe ya fi kuza, kuza ta fi jan ƙarfe, zinariya kuwa da ƙyar take saki, shi ya sa ba ta tsatsa. Idan ƙarafa biyu suka haɗu a wuri mai laima, sai su zama ƙaramin batir. Mai saurin sakin ya zama anod ya yi ta cinyewa, ɗayan kuma ya zauna lafiya.

A kan wannan aka gina kwanon rufi. Wani injiniyan Faransa, Stanislas Sorel, ya yi rajistar dabarar a 1837: a wanke farantin ƙarfe da asid, a tsoma shi cikin narkakkiyar tutiya mai zafin kimanin digiri 450 a ma'aunin santigired. Abin sha'awa shi ne ko da ƙusa ta huda kwanon, ko wani abu ya karce shi har baƙin ƙarfen ya bayyana, tutiyar da ke kewaye da wurin za ta ci gaba da cinyewa a madadinsa. Gwangwanin madara da na tumatir ba haka yake ba. Shi kuza aka shafa masa, irin wadda aka daɗe ana haƙowa a tsaunukan Jos, kuma kaurinta yawanci bai kai maikiron ɗaya ba. Maikiron shi ne kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Silin gashin mutum kan kai kimanin maikiron 70. Kuza tana kare ƙarfe muddin ba ta tsage ba. Da zarar ta karce a fili, baƙin ƙarfen ne ke zama anod, sai ya yi tsatsa fiye da yadda zai yi in da babu shafen ma. Wannan ne dalilin da ya sa gwangwanin da aka yar a bola yake saurin yin tsatsa.

Tsawon ran kwano lissafi ne mai sauƙi. A busasshiyar iska irin ta karkarar Katsina, abin da ke cinyewa daga tutiya bai cika kai maikiron ɗaya a shekara ba. A bakin teku kamar Legas, inda iska ke ɗauke da gishiri, yana iya ninka haka sau huɗu ko fiye. Kwanon da aka shafa wa giram 275 na tutiya a kowace murabba'in mita, ciki da baya, yana da kimanin maikiron 20 a kowace fuska, wanda ya isa ya yi shekaru da dama. Matsalar ita ce ido ba ya bambanta mai maikiron 20 da mai maikiron 5 ranar da ake ciniki, domin dukansu ƙyalli suke yi. Sau da yawa arahar kwano daga jikin tutiyar aka zaftare ta, kuma mai gida ba zai sani ba sai bayan 'yan damuna. A 1972 kamfanin Bethlehem Steel na Amurka ya fito da sabon shafe mai kashi 55 cikin ɗari na alminiyam, da kimanin kashi 43 na tutiya, da ɗan silikon kaɗan. Shi ne ake sayarwa da sunan Aluzinc ko Galvalume, kuma a sararin sama ya fi tutiya zalla daɗewa.

Tutiya tana da iyakarta. Famfon tuƙa-tuƙa samfurin India Mark II, wanda ya bazu a ƙauyukan Afirka ta Yamma, bututun ƙarfe mai shafen tutiya ake zura masa cikin rijiyar burtsatse. Inda ruwan ƙasa yake da ɗan tsami, wato ma'aunin pH ɗinsa ya yi ƙasa da 6.5, tutiyar kan narke da wuri, ruwa ya fara fitowa ja yana ƙarnin ƙarfe. Sai mata su ƙaurace masa su koma tafki, wanda ruwansa ya fi haɗari nesa ba kusa ba. Magani shi ne a auna ruwan kafin a zaɓi bututu, a yi amfani da na roba da sandunan ƙarfen da ba ya tsatsa, kamar yadda aka tsara famfo samfurin Afridev. Shi ma ƙarfen da ba ya tsatsan, fata ce ke kare shi. An gauraya shi da kuromiyam fiye da kashi 10 cikin ɗari, shi kuma yana haɗuwa da iska ya yi wata siririyar yana wadda ke gyara kanta duk lokacin da aka karce ta.

Malamin kimiyya zai iya nuna duk wannan a aji ba tare da kashe ko kwabo ba. A samo ƙusoshi uku a goge su da yashi har su yi fari. A bar ɗaya haka nan, a naɗe ta biyu da zaren jan ƙarfe daga tsohuwar wayar wuta, a ɗaure ta uku da ɓallin tutiya da aka yanko daga tsohon batirin tocila aka wanke. A sa kowace cikin kofinta na ruwan gishiri, a bar su kwana uku ko huɗu. Mai jan ƙarfe za ta riga sauran yin tsatsa, mai tutiya kuwa za ta zauna kusan yadda aka sa ta. Da irin wannan dabara Davy ya kare gindin jiragen ruwan Ingila a 1824, kuma da ita ake kare bututun mai da na iskar gas da ke binne a ƙasa.

Ruwan zinariya

Shafe da lantarki ya fi tsomawa cikin narkakken ƙarfe daidaito, domin dokar Faraday ta ba mai aiki damar ƙayyade kaurin shafen da agogo da ma'aunin wuta. Kayan da za a shafa shi ake mayarwa katod, a rataya shi cikin ruwan da aka narkar da gishirin zinariya ko azurfa ko nikel, wuta kuma ta riƙa jera ƙwayoyin ƙarfen a fuskarsa ɗaya bayan ɗaya. Luigi Brugnatelli na Italiya ya fara yin haka da zinariya a 1805, amma sai a 1840 ya zama sana'a, lokacin da gidan Elkington na birnin Bamingam ya yi rajistar amfani da ruwan sayanaid.

Rabin aikin a wanki yake. Sai an cire maiƙo da ruwan soda, an cire tsatsa da asid, an ɗauraye sau da yawa, domin maiƙon yatsa ɗaya ya isa ya sa shafe ya ɓare daga baya. Ƙyallin da ake gani a salansar sabon babur hawa-hawa ne: nikel mai kaurin maikiron 10 zuwa 30 a ƙasa, shi ke tare tsatsa, sa'an nan kuromiyam wanda bai kai rabin maikiron ba a sama, shi ke hana dusashewa. Wutar lantarki tana son taruwa a kan tsini da gefe, tana ƙyamar lungu, don haka shafe kan yi kauri a baki ya yi siriri a kwari, kuma a nan ne tsatsa ke fara ɓullowa. Daga cikin abubuwan da ake ɗigawa cikin ruwan nikel don shafen ya fito sumul har da sakarin, wato wannan dai da ake sa wa abin sha ya yi zaƙi.

Ci gaban baya-bayan nan a wannan sashe na kare lafiya ne. Sayanaid guba ce mai kashewa nan take. Nau'in kuromiyam da aka saba shafe da shi tun shekarun 1920 yana haddasa ciwon daji ga masu shaƙar tururinsa, saboda haka tun shekarun 1970 aka fara maye gurbinsa da wani nau'i mai ƙarancin illa.

Kulorin da matsalar anod

Inda gyaran fatar ilektirod ya fi kawo sauyi shi ne masana'antar kulorin. Idan aka tura wuta cikin ruwan gishiri mai kauri, iskar kulorin na fitowa a anod, iskar haidirojin da soda kuma su samu a katod. Daga kimanin tan 1.7 na gishiri ana samun tan ɗaya na kulorin, da tan 1.1 na soda, da kilo 28 na haidirojin. Sodar ita ce wadda masu haɗa sabulu da marina ke saye a kasuwa. Kulorin kuwa da shi ake yin bututun roba, da ruwan wanki irin su Jik da Hypo, kuma da shi matatun ruwa irin ta madatsar Ajiwa, wadda ke shayar da birnin Katsina, suke kashe ƙwayoyin cuta.

Tambayar da ta dami injiniyoyi shekaru 70 ita ce: da me za a ƙera anod? Jiƙaƙƙen kulorin mai zafi yana cinye baƙin ƙarfe da jan ƙarfe da nikel. Filatinam yana jurewa, amma yana da tsada ƙwarai. Tun daga shekarun 1890 sai aka zauna a kan girafait, wato nau'in gawayin nan da ke cikin fensir. Yana aiki, amma yana zaizayewa, kimanin kilo biyu ko fiye a kowane tan na kulorin. Yayin da yake zaizayewa, ratar da ke tsakaninsa da katod tana buɗewa, bolt ɗin da ake buƙata yana hawa, garinsa kuma yana toshe na'ura. Dole a riƙa tsayar da aiki ana gyara zama ko ana canji.

Akwai wani ƙarfe da kulorin mai laima ba ya iya ci, shi ne titaniyam, domin yana rufe kansa da wata yana mai tauri. To amma wannan yanar da ke kare shi ita ce kuma ke hana wuta wucewa idan aka mai da shi anod. Ga jiki mai ƙwari, ga ƙofa a kulle. Wanda ya buɗe ta shi ne Henri Beer, wani mai bincike haifaffen Holan da ya zauna a Beljiyam. Da farko ya gwada shafa wa titaniyam filatinam. Daga baya, a rajistar da ya yi a 1965 da 1967, ya nuna cewa tsatsar wani ƙarfe mai suna rutaniyam, in an gauraya ta da tsatsar titaniyam, tana wuce da wuta kamar ƙarfe, tana manne wa titaniyam gam, kuma kuɗin ƙofarta ga kulorin kaɗan ne ƙwarai, 'yan kashi kaɗan cikin ɗari na bolt ɗaya. Mai karatu ya lura da abin mamakin da ke nan: tsatsa, wadda ake ta yaƙi da ita a kan kwano, ita ce aka girka da gangan ta zama ma'aikaciya.

Yadda ake yin shafen ya yi kama da aikin mai fenti da na mai gasa tukwane. Ana fesa wa titaniyam yashi, a jiƙa shi da asid har fuskarsa ta yi kaushi. Sai a shafa ruwan gishirin rutaniyam da na titaniyam, a busar, a gasa a zafin digiri 400 zuwa 500, a sake shafawa a sake gasawa, sau da yawa, har kauri ya kai 'yan maikiron. In aka duba shi da madubin ƙara girma, ya yi kama da fadamar da ta bushe ta tsattsage da rani. Tsagogin nan alheri ne, domin ruwan gishiri na shiga cikinsu, sai fuskar da ke aiki ta ninka wadda ido ke gani sau da yawa. Giram kaɗan na rutaniyam ke rufe murabba'in mita guda, kuma shafen kan yi shekara takwas ko fiye. In ya gaji a kankare shi a sake wani a kan titaniyam ɗin dai. Kamfanin De Nora na birnin Milan a Italiya shi ya kai dabarar masana'antu daga ƙarshen shekarun 1960 da sunan DSA, wato anod wanda girmansa ba ya sauyawa, kuma ba a daɗe ba girafait ya fara ɓacewa daga wannan sana'a.

Sabon anod ya buɗe hanyar magance wata matsala mafi muni. Dole a raba kulorin da abin da ke fitowa a katod, domin gamuwarsa da haidirojin fashewa take haifarwa. A da ana yin haka ta hanya biyu: ko a yi katod da zaiba mai gudana, ko a gitta labulen asbestos. Zaiba tana lalata ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, asbestos kuma yana lalata huhu. Bayan bala'in garin Minamata na Japan, inda aka gano a 1956 wata cuta da ta samo asali daga zaibar da wata masana'antar sinadarai ke zubarwa a teku, gwamnatin ƙasar ta matsa a bar zaiba. A ƙarshen shekarun 1960 kamfanin DuPont na Amurka ya ƙera wani tantani na roba mai suna Nafion, wanda ke barin ƙwayoyin sodiyam su wuce ya tare kulorin. A 1975 aka buɗe masana'anta ta farko mai aiki da tantani a Japan, a 1986 ƙasar ta rufe ta ƙarshe mai zaiba, Tarayyar Turai kuma ta bi sahu a ƙarshen 2017. Tantanin nan siriri ne, yana buƙatar anod mai santsi wanda ba ya zubar da gari, wanda kuma za a iya saƙa shi kamar raga a matso da shi dab da katod. Girafait ba zai iya wannan ba.

Ga lissafin da ɗalibi zai iya bi da kansa. Tunda amfiya ɗaya a awa ɗaya giram 1.32 take bayarwa, tan ɗaya na kulorin yana buƙatar kimanin amfiya-awa 756,000. Bolt na ƙa'ida kimanin 2.2 ne, amma na'urar tantani tana aiki a kan kimanin bolt 3. Duk kashi ɗaya cikin goma na bolt da aka rage, an tsimi yunit 76 na wuta a kowane tan, irin yunit ɗin da mitar gida ke ƙirgawa. Duniya tana yin kulorin fiye da tan miliyan 60 a shekara. Ke nan wannan ɗan ragi ya haura yunit biliyan huɗu da rabi, wato kimanin kashi biyu cikin uku na abin da tashar Kainji mai megawat 760 za ta bayar in dukan injunanta sun yi shekara guda suna aiki ba tsayawa. Wannan ne ya sa ba a bar katod ma haka nan ba. An shafa wa nikel abubuwan da ke sauƙaƙa fitar haidirojin, sa'an nan a 2011 kamfanin Bayer ya fara aiki a Jamus da wani katod mai ɗauke da azurfa wanda ake hura wa iskar oksijin. Shi ba ya fid da haidirojin, amma yana sauko da bolt daga 3 zuwa kimanin 2.

Amfanin wannan bai tsaya ga manyan masana'antu ba. Da yake anod na titaniyam ba ya zaizayewa, an iya ƙera ƙananan na'urori da ake tsomawa cikin bokitin ruwan gishiri, a jona su da batir ko farantin sola, su mai da shi ruwan kulorin cikin 'yan awoyi. Wata gidauniya ta birnin Janiba mai suna Antenna ta ƙera irinsu da sunan WATA, an kuma yi amfani da su a Gini da Mali da Burkina Faso. Giram 25 na gishiri a lita ɗaya ta ruwa yana ba da ruwan da ke ɗauke da giram 6 na kulorin, kuma lita ɗaya tak ta isa ta tsarkake kimanin lita 4,000 na ruwan sha mai garau. A 2021 cutar amai da gudawa ta kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, fiye da 3,000 suka rasu, kuma Jihar Katsina na cikin waɗanda abin ya fi shafa. Ga asibitin karkara ko makarantar kwana a wuri kamar Mashi, inda gishiri da hasken rana ba su yankewa, irin wannan na'ura ta cancanci a dube ta da idon basira.

Batir da tukunya

Batirin mota da na sola na dalma ne, wanda Gaston Planté na Faransa ya ƙago a 1859. Yayin da yake ba da wuta, wani farin gishiri na taruwa a fuskar farantansa, caji kuma ya narkar da shi. In aka bar batir a sauke kwana da kwanaki, gishirin ya daskare ya zama ƙanƙara mai tauri wadda caji ba ya iya narkarwa, sai a ce batir ya mutu, alhali dalmar na nan, fuskar ce ta toshe. Batirin litiyam da kamfanin Sony ya fara sayarwa a 1991 shi ma da irin tasa fatar. Nau'in da ya fi yawa a batiran sola na yanzu, mai katod na litiyam da ƙarfe da fosfet, ya fito daga ɗakin binciken John Goodenough a Amurka a 1997, amma bai yi amfani sosai ba da farko saboda garinsa ba ya wuce da wuta. Sai da aka koyi lulluɓe kowace ƙwayar garin da gawayi mai kaurin da bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na maikiron ba, sa'an nan ya shiga kasuwa.

Akwai kuma inda har yanzu ba a yi nasara ba. Tukunyar alminiyam da ke kan murhu, ko da maƙerin gari ne ya zuba ta daga tsofaffin gwangwanaye, asalin ƙarfenta daga tukunyar lantarki ya fito, ta hanyar da Charles Hall na Amurka da Paul Héroult na Faransa suka gano, kowa da kansa, a 1886. Ana narkar da tamar cikin wani gishiri mai suna kirayolait a zafin kimanin digiri 950, kuma kowane kilo na alminiyam yana cin yunit 13 zuwa 15 na wuta. Sake narka tsohon alminiyam kuwa kimanin kashi 5 cikin ɗari na wannan kawai yake ci. Nijeriya ta gina irin wannan masana'anta, ALSCON, a Ikot Abasi ta Jihar Akwa Ibom. Ta fara aiki a 1997, ta tsaya a 1999, ta sake tashi a 2008 a hannun kamfanin Rusal na Rasha, ta kuma tsaya a 2013.

Anod ɗin wannan aiki na gawayi ne, kuma ƙonewa yake yi: fiye da kilo 400 a kowane tan na alminiyam, yana fid da kimanin tan ɗaya da rabi na iskar kabon mai ɗumama duniya. Dabarar Beer ba ta aiki a nan, domin narkakken kirayolait yana narkar da kusan kowace irin tsatsa da aka sani. A 2018 kamfanonin Alcoa da Rio Tinto suka kafa wani kamfani na haɗin gwiwa a Kanada mai suna Elysis don ƙera anod wanda zai fid da oksijin a maimakon hayaƙi. Abin da ake nema shi ne abu guda da zai wuce da wuta, ya jure zafin digiri 950 na shekaru, kirayolait bai narkar da shi ba, kuma bai gurɓata alminiyam ɗin da ke taruwa a ƙarƙashinsa ba. Kusan dukan alminiyam ɗin da ake sayarwa a duniya, har yau da anod na gawayi ake fid da shi.